A haɗa wa yara kurame rubutu da aikin hannu

Edita,

Ina roƙo ka taimaka ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in faɗi albarkacin bakina game da karatun yara kurame a makarantun firamare. Ni ba malami ba ne, ba kuma ma'aikacin gwamnati ba. Noma nake yi, ina kuma ɗan taɓa tireda a ƙofar gida. Karatuna bai wuce aji shida na firamare ba, don haka masu ilimi su yi mini afuwa in na yi tuntuɓe. Amma dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ina da ɗa namiji kurma. Ba da kurumta aka haife shi ba. A bazarar shekarar 2017, lokacin da annobar sanƙarau ta ratsa jihohin Zamfara da Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja, ta kama shi yana ɗan shekara biyu. Allah ya sa yana da sauran shan ruwa, ya tashi, amma kunne ya tafi. 'Yan kalmomin da ya fara, irin su Baba da Inna da ruwa, su ma suka ɓace. Mu da muka yi wayo mun ga annobar 1996 wadda ta kashe dubban mutane a Arewa, kuma har yau ga waɗanda ta bari ba sa ji nan a kasuwanni da tashoshin mota. Ke nan maganar ba tawa ba ce ni kaɗai.

Da yaron ya kai shekara shida na ce sai ya yi karatu. Wasu suka ce in bar shi ya riƙa bi na gona, wai me kurma zai yi da boko? Akwai ma wanda ya buɗe baki ya ce mini irin waɗannan yara bara tana karɓar su. Na toshe kunnena, na sayar da awaki biyu, na kai shi makarantar kurame ta kwana a birni, tafiya mai nisa daga garinmu. Uwarsa ta yi kuka har ta gaji.

Shekara biyu yana zuwa hutu da littattafai cike da rubutu mai kyau, kai ka ce na akawu ne. Ina ta nuna wa maƙwabta ina jin daɗi. Ran nan da kaka muna zaune a gindin rumbu, sai na ɗauki zangarniyar gero na nuna masa, na miƙa masa biro da takarda, na yi masa alama ya rubuta mini sunanta. Yaro ya dube ni, ya dubi takarda, ya sunkuyar da kai. Na nuna akuya, haka. Na nuna buta, haka. Wallahi ranar ban iya cin tuwo ba. Ashe duk abin nan kwafa yake yi daga allo. Zai iya cika shafi guda ba kuskure, amma bai san rubutun yana nufin wani abu a duniya ba. Zane yake yi kawai.

Na daɗe ina tunanin inda gizo yake saƙa, har na gano. Yaro mai ji kafin ya taka ƙofar makaranta ya riga ya iya Hausa. Malam zai ce ba, be, bi, bo, bu, yaro ya ji da kunnensa, ya haɗa harafi da sautin da ya sani tun yana goye. To kurma da me zai haɗa? Shi ta ido rubutu yake shigar masa, saboda haka dole a rataya masa kowace kalma a jikin wani abu da ya gani, ya taɓa, ya kuma san alamarsa a maganar hannu. Ka ɗauki kara da ƙara. Ni da kai kunne ne yake raba mana su. Shi kuwa sai dai a miƙa masa karan dawa a rubuta "kara", sannan a ƙara masa gyaɗa a tafin hannu a rubuta "ƙara", ya ga 'yar lanƙwasar da ke kan harafin. Hausawa sun ce gani ya kori ji. In akwai wanda wannan magana ta fi dacewa da shi, to kurma ne.

Cikin ikon Allah, a shekararsa ta uku aka sami wani matashi, shi ma kurma, wanda ya yi karatun malanta, ya zo yana taimaka wa makarantar ba tare da an ɗauke shi aiki na dindindin ba. Dokarsa guda ce, kuma shi da kansa ya rubuta mini ita a takarda ranar da na je ziyara: yaro ba zai rubuta sunan abin da hannunsa bai taɓa ba. Da farko a kawo abin, na biyu a yi alamarsa da hannu, na uku a rubuta. Da yake ba shi da kuɗin sayen kayan koyarwa, sai ya bi yanayin shekara, abin da lokaci ya kawo shi ne darasi. Bari in zayyana yadda ya yi, ko Allah zai sa wani malami ya karanta ya ɗauka.

Zangon farko na makaranta, daga Satumba zuwa Disamba, yana faɗawa ne cikin kaka, lokacin da kara yake zube ko'ina. Sai ya sa yara suka kwaso karan dawa da na gero, suka yi motar kara irin wadda duk muka yi muna yara, da ɗan gado, da kejin tsuntsu. Kowane sashe na motar an manna masa 'yar takarda: taya, ƙofa, fitila, kujera. Bai tsaya nan ba. In an gama, kowane yaro zai zauna ya rubuta yadda ya yi aikin daki-daki: na yanke kara, na fere, na soka, na ɗaura. Ya bayyana mini cewa sunan abu ba shi da wuyar koyarwa, tun da ana iya nuna shi da yatsa, amma kalmar aiki irin yanke da fere da ɗaura ba ta zama a kan kurma sai ya aikata da hannunsa. Suka kuma jiƙa ƙaro suka manna ƙwayar gero da dawa da masara da wake da gyaɗa da riɗi a jikin kwali, kowace da sunanta a ƙasa. A nan kuma lissafi ya shigo: an kawo kwano ana awo, yara suna rubuta adadi.

Da hunturu ya shigo, daga Disamba zuwa Fabrairu, duma ya bushe, sai aka koma kan ƙwarya. Kowane yaro ya kankare 'yar ƙwaryarsa, ya yi mata ado, ya rubuta sunansa a jiki. Suka fere alƙalamin kara, suka haɗa tawada da gawayi da ƙaro kamar yadda almajirai suke yi a makarantar allo, suka tuƙa igiya da rama. Kowace safiya yaro ɗaya zai leƙa waje ya dawo ya rubuta a allo yadda gari ya tashi: yau sanyi, yau hazo, yau iska da ƙura. Da yake lokacin gobara ne saboda jin ɗumi a ɗaki, sai suka yi alluna masu zanen wuta da rubutun "Hattara da wuta" suka rataya a ɗakunan kwanansu. Kada a manta, kurma ba ya jin ihun gobara, don haka wannan darasi ya wuce na rubutu kawai.

Da bazara, wato Maris zuwa Mayu, rana ta buɗe, aka shiga saƙar kaba. Mafici da faifai da malafa. Wajen rina kabar ne suka koyi rubuta ja da kore da rawaya da baƙi. A wannan lokaci ne kuma sanƙarau ya fi tashi, sai malamin ya sa suka zana takardun gargaɗi: zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, wuya ya sanƙare, a garzaya asibiti, a yi rigakafi, kada a cunkushe a ɗaki ba iska. Ɗana ya zo mini da tasa lokacin hutu, na manna ta a jikin tireda. Edita, yaron da cutar nan ta raba da ji, shi ne ya rubuta wa mutanen unguwarmu gargaɗi a kanta da hannunsa. Duk wanda ya zo sayen ashana sai ya tsaya ya karanta.

Da damina ta sauka, laka ta samu. Suka gina shanun laka da garma da 'yan tukwane, suka shanya. Kowane yaro ya shuka wake a gwangwanin madara, kowane mako ya auna tsawonsa da sillen kara ya rubuta: ya tsiro, ya yi ganye biyu, ya yi fure. Da babban hutu ya zo, wanda yake cin watan Agusta, ya ba kowa littafi guda, ya ce kullum a zana abu ɗaya da aka yi a gona ko a gida, a rubuta layi ɗaya a ƙasa. Ni ne mai duba masa da dare da fitilar wayata. Lokacin Salla kuwa, ko a wane yanayi ta faɗo, sai su yanka kwali su yi wa iyaye katin barka da Salla. Nawa yana nan cikin akwati tare da takardun gona.

To me wannan ya haifar? Ran nan ina gona wajen maimai, uwarsa tana cikin gida, shi ne a bakin tireda. Da na dawo sai ya miƙo mini takarda. Ya rubuta "sukari 2, sabulu 1, bashi", a gefe kuma ya zana mutum mai doguwar hula da keke. Nan take na gane ko wane ne. Bayan kwana uku mutumin ya zo yana cewa sukari ɗaya ya ɗauka. Na fito da takarda na shimfiɗa masa. Sai ya yi dariyar kunya ya ce, "Malam, ashe yaron naka yana rubutu?" Ya biya. Kuɗin ba wani abin a zo a gani ba ne, amma tun daga ranar mutanen unguwa suka daina yi masa kallon wanda ba ya gane komai. Yanzu in yana jin ciwo yakan rubuta "ciki" ko "kai" ya nuna mana, ba sai mun yi ta lalube ba kamar da.

Abin baƙin cikin da ya sa na ɗauki biro shi ne, malamin nan shekara ɗaya kacal ya yi. Ba a ɗauke shi aiki ba, ga shi da iyali, dole ya tafi neman abin sawa a bakin salati. Yana tafiya aka koma gidan jiya, wato kwafa daga allo. Da na tambaya sai aka ce mini ba a ware wa irin wannan aiki lokaci a jadawali ba, kuma ba kuɗin kaya. Ban ga laifin malaman ba ƙwarai, domin wasunsu an turo su ne ba su iya maganar hannu ba, suna ta magana da baki ga yaran da ba sa ji. Amma shin daidai ne ci gaban yara masu yawa ya rataya a wuyan mutum ɗaya wanda ko albashi ba shi da shi?

Na san akwai masu ja da wannan ra'ayi nawa, kuma na yi muhawara da su. Kashi na farko iyaye ne 'yan'uwana masu cewa, mu boko muka kai yaranmu su koyo, in wasan kara da laka ne ai akwai su a gida. Amsata ita ce, a gida akwai kara amma ba mai rubuta masa "kara". Motar karan ba ita ce abin nema ba, tsani ce. Ni na ga shekara biyu na kwafa, na ga shekara ɗaya ta kara da laka, na kuma san wadda ta sa ɗana ya rubuta bashi.

Kashi na biyu su ne suka fi ba ni tsoro. Su cewa suke yi, tun da hannun kurame yana da kyau, a koya musu saƙa da ɗinki da kafinta kawai, a bar wahalar da su da rubutu. Wannan kuskure ne babba. Mai sana'ar da bai iya rubutu ba, kuma ba ya ji, ba ya magana, shi ne abincin macuta. Wa zai rubuta masa awon riga? Ta yaya zai san abin da ya sa wa hannu? A wannan zamani na wayar hannu kurman da ya iya rubutu yana ciniki da mutumin da ke Legas ta hanyar saƙo, wanda bai iya ba kuwa ko maganin da likita ya ba shi sai ya nemi mai duba masa. Sana'a da rubutu tare za su tafi, kada a ba shi ɗaya a hana shi ɗaya.

Kashi na uku masu cewa ba kuɗi. Jama'a, nawa ake sayar da kara? Nawa ake sayar da laka da damina? Ni kaɗai zan iya kai wa makaranta kara amalanke guda da duma da rama kyauta, kuma na san manoma da yawa za su yi haka in an tambaye su. Abin da ake buƙata daga hukuma shi ne littafi da fensir da kwali, da malamin da ya iya maganar hannu, da awa biyu ko uku a mako.

Akwai kuma batun harshe, wanda ya kamata masana su duba mana. Malamin nan ya ba ni tarihin cewa wani baƙar fatar Amurka mai suna Andrew Foster, wanda shi ma sanƙarau ne ya kurumtar da shi yana ɗan shekara 11, shi ya buɗe makarantar kurame a Ghana a 1957, ya zo ya buɗe a Ibadan a 1960, kuma ta hanyarsa ne maganar hannu irin ta Amurka ta shiga makarantunmu, tare da rubutun Turanci. Mutumin ya yi ƙoƙari, ba mai musun wannan. Amma mu ma a ƙasar Hausa kurame suna da tasu maganar hannu tun kaka da kakanni, har wata Bajamushiya mai suna Constanze Schmaling ta zauna da kuramen Kano ta rubuta littafi a kanta, ya fito a shekarar 2000. To in yaro ya koyi alamar Amurka da rubutun Turanci kaɗai, ya dawo ƙauye, da wa zai yi magana? Uwarsa ba ta jin Turanci, masu sayen kayana ma haka. Ban ce a bar Turanci ba, domin da shi ake jarrabawa. Cewa na yi a jikin motar karan nan a manna takarda biyu, ɗaya Hausa ɗaya Turanci, kamar yadda malamin nan ya riƙa yi.

Ba alfarma muke roƙo ba. Tun 2004 aka yi dokar ilimin bai-ɗaya wadda ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro, ba ta ce ban da kurma ba. A watan Janairun 2019 kuma shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ba su damar karatu kyauta har sakandare. Makarantar kurame ta Tudun Maliki a Kano tun 1977 take, kwalejin tarayya mai horar da malaman yara masu buƙata ta musamman kuma tana nan a garin Oyo. Ke nan doka akwai, makarantu akwai, masu ilimin abin akwai. Saura aiki da su.

Saboda haka ina kira da babbar murya ga hukumomin ilimin firamare na jihohinmu da su sa aikin hannu mai tafiya da rubutu a cikin jadawalin makarantun kurame, a tsara shi bisa kaka da hunturu da bazara da damina, yadda ko malami ya tafi aikin ba zai bi shi ba. Na biyu, a ɗauki kurame masu takardar malanta aiki, domin su ne suka san ta inda karatu yake shiga kan ɗan'uwansu, kuma yaro in ya ga kurma babba yana koyarwa zai san shi ma yana da gobe. Na uku, malaman da aka tura waɗannan makarantu a koya musu maganar hannu kafin su shiga aji. Na huɗu, masu saƙar tabarma da masu gyaran ƙwarya da magina tukwane, a riƙa gayyato su lokaci-lokaci su nuna wa yara, malami yana gefe yana rubutawa.

Ranar 23 ga Satumba ta kowace shekara Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ta domin maganar hannu, kuma ta zo daidai da dawowa daga babban hutu. Me zai hana makarantu su baje kayan da yara suka yi da littattafan da suka rubuta a wannan rana, a kira iyaye da masu unguwanni da limamai su gani da idonsu?

'Yan'uwana iyayen kurame kuma, mu ji tsoron Allah. Kada mu ɓoye su a gida don kunya, kada mu tura su bara. Mu koyi maganar hannu ko da kaɗan ce. Ni da girmana ɗana ne yake koya mini, yana dariya in na karkace yatsa. In kana da ɗan karatu irin nawa, ɗauki gawayi ka rubuta "rumbu" a jikin rumbu, ka rubuta "ƙofa" a jikin ƙofa. In ka tafi gona ka tafi da shi da 'yar takarda a aljihu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sannan mu kai yara rigakafin sanƙarau da ƙyanda, in kunne yana zubar da ruwa a je asibiti da wuri.

Bana ma in Allah ya kai mu kaka zan ɗaure kara dami biyu in kai makarantar, ko da wanda zai yi amfani da shi ko babu. Ina fata kafin lokacin wannan wasiƙa ta isa kunnen waɗanda abin ya shafa.

Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka, ya shirya mana zuriya, ya ba mu damina mai albarka, amin.

Naku,
Mahaifin wani yaro kurma,
manomi kuma mai tireda,
daga Jihar Katsina.